Ƙusa, Katako da Ruwa: Yadda Ƙira Ta Bi Jirgi Zuwa Challawa

A shekarar 1992 aka kammala madatsar ruwa ta Challawa a ƙasar Karaye. Kamfanin Julius Berger ne ya gina ta, tsayinta mita 42, tsawonta kilomita 7.8, kuma idan ta cika tana riƙe ruwa sama da kubik mita miliyan 900. Gonaki da fadamu da hanyoyin ƙafa da aka daɗe ana bi duk suka nutse. Kafin lokacin, abin da mutumin Karaye ko Rogo ya sani shi ne kogi mai hali biyu: da damina ya cika ya hana wucewa, da rani ya koma yashi har a riƙa tono a tsakiyarsa ana neman na sha. Sai ga shi an wayi gari da tafkin da ba ya ƙafewa.

Ruwa ya kawo kifi, kifi ya jawo masunta, na gida da baƙi. Karfasa da tarwaɗa da ragon ruwa suka fara fita daga gaɓar Turawa da maƙwabtanta zuwa kasuwanni. Wannan kam an sha faɗa. Wanda ba a cika tunawa da shi ba shi ne mutumin da ke zaune can nesa da gaɓa, a ƙarƙashin rumfa, gaban wuta. Jirgin katako ba ya tsayuwa sai da ƙusa, ba ya ɗauruwa sai da zobe da sarƙa, ba ya ɗaukar inji sai an ƙarfafa masa baya da ƙarfe. Tarihin kwale-kwale a wannan yanki gajere ne, amma a kan wani dogon tarihi ya hau, wato na maƙeri da gwanintarsa ta zaunar da ƙarfe a jikin itace.

Kano kanta da ƙira ta fara. Masu tonon kufai sun sami ragowar matoyar tama a gindin Dala, wadda awo ya nuna ta kai ƙarni na 7. Labarin baka kuma yana cewa Abagayawa, maƙera daga Gaya, su ne suka zo neman tama suka zauna a wurin. Littafin tarihin sarakunan Kano ya danganta shigowar lifidi da sulke da kwalkwali da zamanin Sarki Kanajeji, wanda ya yi sarauta daga 1390 zuwa 1410. Da Baturen nan Clapperton ya iso birni a 1824, ya lura cewa ƙyamaren ƙofofin ganuwa na katako ne da aka lulluɓe da fallayen ƙarfe. Garuruwan yamma ma masu ganuwa ne, don suna bakin iyaka da ƙasar Katsina da ta Zazzau. Baba ta Karo, wadda aka haifa wajen 1877, wadda kuma Mary Smith ta rubuta labarin rayuwarta aka buga a 1954, a kusa da Zarewa ta tashi, garin da yau yake cikin Rogo, kuma ta ba da labarin yadda mutanen ƙauye kan ruga cikin gari idan mahara suka taso. Ƙyauren da za a rufe a bayansu, da masu da kibau da ke hannun masu tsaro, duk daga maƙera suka fito.

Sana'ar ta kasu biyu tun da can. Akwai maƙeran baƙi, masu aikin baƙin ƙarfe, akwai maƙeran fari, masu azurfa da tagulla da kayan ado. A karkara irin ta Karaye da Rogo na baƙi su ne ƙashin bayan noma. Kayan aikinsu ba su da yawa: uwar maƙera, masaba, guduma, awartaki, magagari, zugazugi na fatar akuya, sai gawayin ƙirya, wanda ya fi kowane gawayi riƙe wuta. Da waɗannan ake fitar da garma da fartanya da hauya da lauje da magirbi da gatari, da linzami da likkafa da ƙaimi, da ƙwado da sarƙa da askar wanzami.

Abin lura a nan shi ne, kusan babu ɗaya daga cikin kayan nan da ke aiki shi kaɗai. Kowanne sai an haɗa shi da wani abu, kuma a wurin haɗin ne ake gane gwani. Manomi zai zo da ƙotar da masassaƙi ya fafe masa daidai tsawon hannunsa. Maƙeri zai sa tsinin ruwan gatarin ko na fartanyar a wuta har ya yi ja, ya dasa shi a kan kumburin ƙotar, hayaƙi ya turnuƙe, ya zare, ya sake mayarwa, har ramin ya ɗauki siffar wannan ƙarfen shi kaɗai. Idan ya ƙona ramin fiye da kima, gatari zai riƙa girgiɗi. Idan ya gaza, ƙota za ta tsage a saran farko. Babu tef, babu takarda, ido ne da hannu. Idan kuma rani ya busar da ƙota ƙarfe ya yi sako-sako, manomi ya san maganin: ya tsoma ta a ruwa ta kwana, itace ya kumbura ya sake cafke ƙarfen. Haka ma linzami, wanda sai an duba bakin dokin kafin a lanƙwasa shi.

Ko ƙarfen waje ma ta wannan hanya yake bi. Heinrich Barth, wanda ya shigo Kano a watan Fabrairu na 1851, ya tarar da ruwan takubba masu yawa a kasuwa da aka ƙera a Solingen ta Jamus, aka ratso da su Sahara. Tsirara suke zuwa. A Kano ake yi musu mariƙi da kube, sannan su wuce hannun Buzaye da mayaƙan ƙasashen maƙwabta. Ƙarfen na baƙo ne, amma daidaita shi da hannun mai shi aikin gida ne.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kuma zo da ajalin narka tama. Wa zai kwana a daji yana gadin matoya bayan ga tarkacen dogo da ganguna da, daga baya, ɓarakuzan motoci a araha? Cikin 'yan shekarun da suka biyo baya matoya suka mutu ɗaya bayan ɗaya, har lokacin da Philip Jaggar ya yi bincikensa a kan maƙeran birnin Kano a shekarun 1970, tsohon ƙarfe ne abincin maƙera. An yi asarar ilmi babba, babu shakka. Sai dai an sami wani a madadinsa. Maƙeri ya zama masanin halayen ƙarafa: ya san sifirin mota shi ne na gatari da adda don yana riƙe kaifi, ya san rodi mai laushi ne ya fi kyau da ƙusa da zobe, ya san bakin ganga na tukunyar gawayi ne. Da garmar shanu da amalanke suka bazu a ƙauyuka, shi ne dai ya koyi gyaransu. Da wutar lantarki da janareta suka zo, 'ya'yansa da yawa suka ajiye zugazugi suka ɗauki injin walda.

To, ina jirgin ruwa a cikin wannan duka? A yawancin ƙasar Kano, kusan babu. Idan kogi ya kawo, masu fito da gora suke ƙetarar da mutane da kaya. A manyan koguna ne ake da jirage, a hannun Sarkawa na Kabi da mutanen Yawuri da Nufawa da Kakanda, kuma mafi yawansu kututture ne guda na maɗaci ko makamancinsa da aka fafe da gizago. Rabon maƙeri a wannan sana'a shi ne gizagon, da ƙugiya, da zago na sukar babban kifi.

Inda aka so jirgin da ya fi kututture guda girma, ɗinki aka yi. A watan Yuni na 1853 Barth ya ƙetare Kwara a garin Say, a cikin jiragen da aka haɗa da kututture biyu aka ɗinke su a tsakiya. Kafin shi, a 1828, Bafaranshe René Caillié ya bi kogin daga Jenne zuwa mashigar Tambutu a cikin wani babban jirgi na alluna da aka ɗinke da igiya, ya kuma bayyana yadda ake ta kwarfar ruwa daga cikinsa ba hutawa. Can a Bahar Maliya, Ibn Jubayr, wanda ya ƙetara zuwa Jidda a 1183, ya ce jiragen wurin ba su da ƙusa ko ɗaya, da zaren ɓawon kwakwa ake ɗinke su, a shafe su da mai. An daɗe ana yaɗa almara cewa akwai duwatsun mayen ƙarfe a teku da ke zuƙe ƙusoshin jirgi. Dalilan gaskiya sun fi haka sauƙi: ƙarfe yana da tsada, yana tsatsa, kuma jirgin ɗinki yana lanƙwasa idan ya gogi dutse maimakon ya fashe. Wannan tekun na Bahar Maliya ne dai alhazan Hausa masu tafiyar ƙasa suka riƙa ƙetarawa daga Sawakin, a jiragen katako masu tafiya da iska, har zuwa tsakiyar ƙarni na 20. Ga tsofaffi da yawa na ƙasar Kano, a nan suka fara ganin ƙaton ƙyalle a kan sanda yana jan jirgi.

Akwai ma wani irin wannan jirgi da ya ratso ƙasar Azbin a kan raƙuma. Ayarin su Barth sun taho da shi gunduwa-gunduwa daga Tarabulus, an ƙera shi a tsibirin Malta, an sa masa suna Lord Palmerston. A bakin Tafkin Chadi aka harhaɗa shi, kuma a tsakiyar 1851 Adolf Overweg, ɗaya daga cikin 'yan ayarin, ya shiga da shi tsibiran Buduma. Bai bar zuriya ba. Jirgin iska bai kafu a ruwayen arewa ba, filafili da gwangwala suka ci gaba da mulki har injin fetur ya zo.

Abin da ya sauya lissafi shi ne katakon injin yanka da ƙusa mai araha. Manyan itatuwan da za a fafe suka yi ƙaranci, alluna kuwa suna zuwa a mota daga kudu. Madatsun ruwa suka ƙaru: Kainji a 1968, Tiga a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, Watari a Bagwai, Kusalla a nan Karaye, sannan Challawa. Jirgin da ya mamaye waɗannan ruwaye shi ne mai shimfiɗaɗɗen ciki, na alluna, wanda kafinta zai iya haɗawa a gaɓa cikin kwanaki kaɗan. Ana jera allunan ƙasa, a tayar da na gefe, a kafa haƙarƙari a ciki, a bi da ƙusa. Tsakanin allo da allo a cusa tsumma ko auduga, a bi da kwalta mai zafi, wani wurin a rufe da fallen gwangwani ko langa-langa a buga masa ƙananan ƙusoshi. A Mopti ta ƙasar Mali, inda ake haɗa manyan jiragen Kwara, har yau maƙera suna zaune a gefen kafintoci suna buga ƙusa ɗaya-ɗaya daga tsohon ƙarfe. Ƙusar maƙeri tana da kusurwa huɗu da kauri da faffaɗan kai, tana kama itace fiye da siririyar ƙusar kanti mai santsi, kuma idan bakinta ya ɓullo ta ciki ana lanƙwashe shi ya koma cikin katako, ta yadda ba ta zaruwa.

A nan ne maƙeri ya haɗu da abokin gaban da bai saba da shi ba. Ruwan da ke matse ƙotar fartanya shi ne ke cin ƙusar jirgi. Tsatsa tana buƙatar danshi da iska tare, don haka wurin da ya fi lalacewa shi ne daidai inda ruwa ke tsayawa a jikin jirgi, da cikinsa inda ruwan kwarfa ke kwana, wurin da ke jiƙewa ya bushe kullum. Tsatsa kuma ta fi ƙarfen da ta ci girma nesa ba kusa ba, sai ta kumbura ta buɗe ramin. Ba ta tsaya nan ba: tana ruɓar da itacen da ke kewaye da ita. Baƙin tabon nan da ake gani yana zubowa daga kan kowace ƙusa a jikin tsohon jirgi shaida ce cewa katakon wurin ya fara laushi. Daga waje kan ƙusar yana nan daram, a ciki kuwa ta sirance ta koma tsinke. Masunci zai ce jirgi ya fara yoyo, ya kawo kwalta ya yi faci, alhali ciwon yana cikin ƙashi.

Manyan ƙasashen teku sun sha wannan wahala tun da daɗewa. A 1761 rundunar ruwan Ingila ta lulluɓe cikin wani jirgin yaƙi mai suna Alarm da fallayen jan ƙarfe don hana tsutsar teku huda katako. Bayan shekara biyu aka duba shi, aka tarar fallayen sun ɓalle a wurare da yawa, don ƙusoshin baƙin ƙarfe sun narke. Abin mamaki, inda takardar da aka naɗo fallayen da ita ta maƙale tsakanin kan ƙusa da jan ƙarfen, ƙusar tana nan lafiya. Daga nan aka fara gane cewa idan ƙarafa biyu mabambanta suka taɓa juna a cikin ruwa, musamman na gishiri, wata 'yar wutar lantarki takan gudana tsakaninsu, ɗaya ya riƙa cin ɗaya. A 1824 Humphry Davy ya nuna cewa za a iya liƙa guntun tutiya ko baƙin ƙarfe ya zama shi ake ci, a tsirar da sauran. Har gobe akwai irin wannan guntun a jikin kowane injin kwale-kwale na kirki, kusa da farfela, kuma mai jirgin da ya shafe shi da fenti don ya ga yana zagwanyewa ya kashe mai gadinsa ne da hannunsa.

Ƙarfe marar tsatsa, wanda 'yan walda ke kira sitenles, ya zo ne a 1913. Harry Brearley, a birnin Sheffield, yana neman ƙarfen da zai jure zafin bakin bindiga, sai ya haɗa wani mai kusan kashi 13 cikin 100 na sinadarin kuromiyam, ya ga ruwan tsami ba ya kama shi. Wuƙaƙen cin abinci aka fara yi da shi. Sirrinsa shi ne kuromiyam ɗin yana haɗuwa da iska ya yi wata fata siririya da ido ba ya gani, wadda ke rufe ƙarfen, idan ma an karce ta sai ta sake tohowa. Daga baya aka ƙara nikel, aka sami nau'in da ake kira 304, mai kashi 18 na kuromiyam da 8 na nikel. Na teku kuwa shi ne 316, wanda aka ƙara wa molibdinam kashi 2 zuwa 3 don ya jure gishiri.

Da wannan ƙarfe ake ƙera kusan duk abin da hannu ke kamawa a mazaunin matuƙin jirgin iska na zamani: shingen da ke hana mutum faɗawa ruwa, maɗaurin igiya, gindin na'urar naɗe igiya, da mariƙan na'urorin nuna hanya da zurfin ruwa. Kuma da yake babu jirage biyu da lanƙwasarsu ta zo ɗaya, yawancin aikin na awo ne. Ma'aikacin zai je jirgin da kwali ko siririn katako ya yanko siffar wurin, ya koma shago ya lanƙwasa bututu, ya ɗan ɗiga walda, ya dawo ya gwada, ya sake komawa. Sai ya tabbata ya zauna sannan ya yi cikakkiyar walda da iskar argon, ya goge, ya wanke da ruwan asid don fatar nan ta dawo. Maƙerin da ke mayar da ƙarfe mai zafi cikin ƙota sau uku ko huɗu zai gane wannan aiki da kallo ɗaya.

Dokokin da waɗannan ma'aikata suke bi sun cancanci a san su a gaɓar Challawa, don ba su da alaƙa da tsadar jirgi. Babbar cikinsu ita ce, duk abin da za a ja ko a jingina da shi ba a ɗaure shi da ƙusa ko sukuru mai tsayawa cikin katako. Hudawa ake yi har ƙetare, a sa noti, a bayan allon kuma a shimfiɗa faranti mai faɗi. Aikin farantin aikin gammo ne a kan mai dakon kaya: nauyin da zai taru wuri guda ya huda, sai ya bazu. Sannan kowane rami ƙofar ruwa ne, don haka sai an cika shi da abin liƙi kafin a ɗaure. Inda sitenles zai taɓa alminiyam, a raba su da roba ko man shafawa, darasin takardar nan ta jirgin Alarm ke nan. Kusa da kamfas kuma ba a kawo baƙin ƙarfe ko lasifika, don suna karkatar da allurarsa, matuƙi ya yi ta tafiya yana zaton yana kan hanya. Dalilin da ya sa tun zamanin da ake yi wa kamfas gida da farin gaci ke nan.

Sai dai sitenles ba waliyyi ba ne. Fatar da ke kare shi da iska take rayuwa. Idan aka binne shi a cikin jiƙaƙƙen katako inda iska ba ta kaiwa, fatar takan mutu, ya riƙa rubewa a ɓoye, ya karye rana ɗaya ba gargaɗi. Shi ya sa masu haɗa jiragen katako a ƙasashen teku suka fi yarda da tagulla, ko jan ƙarfe, ko ƙusar da aka tsoma a narkakkiyar tutiya, a duk abin da ke ƙarƙashin ruwa. Ga kuma matsalar kasuwa. Mutane sun saba gwada shi da mayen ƙarfe, in bai kama ba a ce na gaske ne. Amma akwai nau'in 201, wanda aka rage wa nikel aka cika da manganis don ya yi araha, shi ma mayen ƙarfe ba ya kama shi, kuma shi ne ke fitar da jan tabo a shingen bene bayan damina ɗaya ko biyu. Ko na kirkin ma, mai walda zai iya ɓata shi idan ya ba shi wuta fiye da kima, ko ya goge shi da dutsen giranda da ya riga ya ci baƙin ƙarfe, domin burbushin da ya maƙale shi zai fara tsatsa. Hayaƙin waldarsa kuma, da na ƙarfe mai tutiya, guba ne ga huhu, abin da ya kamata kowane maigidan shago ya gaya wa yaransa tun ranar farko.

Ruwan Challawa ba na gishiri ba ne, wannan sa'a ce babba. Babu mai buƙatar 316 a Karaye. Nau'in 304 ya isa har ya yi yawa, kuma hannun da zai sarrafa shi yana nan, don 'yan waldar Kano sun daɗe suna yin shingen bene da ƙofofi da tankuna da shi.

Inda maganar ta fi nauyi shi ne bayan jirgi, wurin da ake rataya inji. Injin Yamaha mai ƙarfin doki 40, irin wanda jiragen fasinja ke amfani da shi a ruwayen Nijeriya, ya kai kimanin kilo 70. Nauyin ma ba shi ne abin tsoro ba. Farfela tana turawa daga ƙasa, maƙallan inji suna ja daga sama, allon baya yana tsakiya ana murɗa shi, ga jijjiga daga safe har yamma. Allon da aka kafa da ƙusoshin kanti zai fara buɗewa daga kusurwa, kuma kusurwar nan tana daf da ruwa idan an yi lodi. Abin da ke riƙe shi shi ne ƙarfen kusurwa da aka lanƙwasa daidai jikin wannan jirgin, da faranti ciki da waje, da noti mai ratsawa. Ba a sayen wannan a kanti. Sai an kira mai ƙira ko mai walda ya zo gaɓa ya auna.

Ba a manta da ranar 30 ga Nuwamba, 2021 ba, ranar da jirgi ya kife a ruwan Bagwai da mutanen da suka taso daga Badau za su Mauludi, aka rasa aƙalla rai 29, yawancinsu ɗaliban Islamiyya. Allah Ya jiƙansu. A watan Mayu na wannan shekarar, wani jirgin katako ɗauke da fiye da mutum 150 ya rabe a Kwara kusa da Wara ta Jihar Kebbi. A duka biyun, yawan lodi hukumomi suka fi nunawa da yatsa, kuma gaskiya ne. Rigar ruwa da ƙayyade fasinja da hana tafiyar dare su ne gaba da komai. Amma lodi ba ya karya jirgi a ko'ina, inda ya riga ya yi rauni yake nema, kuma raunin jirgin katako a mahaɗarsa yake. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, wadda aka kafa a 1997 take da hedikwata a Lakwaja, ba za ta iya sa ma'aikaci a kowace gaɓa ba. Sarkin ruwa da shugabannin masunta kuwa kullum suna wurin, kuma zare ƙusa biyu ko uku daga cikin jirgi a duba kaurinsu bai fi aikin rabin sa'a ba.

Tun daga 2024 ƙananan hukumomin Karaye da Rogo ne suka haɗu suka zama masarautar Karaye, wadda ruwan yake gabanta, maƙeran kuma suke cikin garuruwanta. Haɗa sarkin maƙera da sarkin ruwa a zaure ɗaya su yi magana a kan irin ƙusa da irin faranti da ya kamata jirgin haya ya ɗauka abu ne da ba ya buƙatar kwangila.

Kuɗi ne dai zai yanke hukunci, kuma masunci mai kwale-kwalen filafili ba zai sayi sitenles ya zuba wa jirgin da katakonsa ma ba zai wuce 'yan shekaru ba. Ba a kuma ce ya yi ba. A jikin alluna, ƙusar maƙeri mai kauri da aka tsoma a kwalta, ko mai rufin tutiya, ta fi dacewa. Wuraren da ƙarfe marar tsatsa ya cancanci kuɗinsa kaɗan ne, kuma duk a sarari suke inda iska ke kaiwa: zoben goshi da ake ɗaure jirgi da shi, da farantan allon inji da notinsu. Waɗannan ana iya kwance su a mayar wa sabon jirgi idan tsohon ya mutu. Ba lallai ne ma a sayi sabon falle ba. Tsohon tankin masana'anta ko kwamin wanke-wanke na otal, irin waɗanda kan faɗo hannun 'yan gwangwan da dillalan Ƙofar Ruwa, yawancinsu 304 ne, kuma guda ɗaya zai fitar da farantan jirage da dama.